Ɗaukar kiɗan tsirkiya a manyeto: sharhi bisa kaset-kaset ɗin Tasawa da Mayahi

0. Gabatarwa

Wannan ɗan sharhi ya samo asali ne daga wani aiki da ba na nazari ba. Sashenmu ya ɗora mana nauyin juye tsofaffin kaset-kaset da ɗalibai suka riƙa ajiyewa tare da kundayensu na metiriz zuwa cikin kwamfuta, tun kafin zafi da ƙura su gama da su. Mun fara da kwalin da aka rubuta wa Tasawa da Mayahi, domin can ne muka fi sanin ƙasa da mutane. Mai juye kaset ba shi da damar tsallake wuri, dole ya zauna ya saurare ta fuska biyu, daga farko har ƙarshe. Da muka yi haka sai wani abu ya fito fili, wanda mai karanta kundayen kaɗai ba zai taɓa lura da shi ba. A kusan duk inda aka ɗauki makaɗi guda yana waƙa da abin kiɗansa mai tsirkiya, ɗayan biyu ne ke tsira: ko dai a ji murya tsirkiya ta ɓace, ko a ji tsirkiya magana ta nutse.

Abin da muke son nunawa a nan shi ne, wurin da aka kafa mikoro ba lamari ba ne na ma'aikacin na'ura kawai. Hukunci ne na nazari, wanda ake yankewa tun kafin a rubuta kalma ko ɗaya, kuma ba a iya ɗaukaka ƙara a kansa daga baya. Ba za mu ambaci sunan ɗalibi ko na makaɗi ba. Laifin da za mu faɗa na koyarwa ne, mu ma mun aikata shi, kamar yadda za a gani a kashi na 4.

1. Kayan kiɗan da abin ya shafa

A gundumomin nan biyu, daga Korgom da Hawan Dawaki a kudu har Urafan da Gidan Amumun a arewa, kayan tsirkiya iri biyu ne. Akwai waɗanda ake taɓawa da yatsa ko da ƴar fata mai tauri, wato gurmi da garaya da molo, akwai kuma waɗanda ake gogawa da izga, wato goge da ƙanwarsa kukuma. Dukansu ginin ɗaya ne: ƙwarya ko itace da aka fafe, fata a rufe a kai, ɗan jaki bisa fatar yana ɗauke da tsirkiya. Fatar ce ke fitar da amo, kuma gaba take jefa shi, daga daidai cikin makaɗi. Bakinsa kuwa yana sama da nan. Wannan tazara tsakanin baki da fata, duk ƙanƙantarta, ita ce tushen matsalar da muke magana a kai.

Bahaushe bai gaji irin abin kiɗan nan mai tsirkiyoyi jere da Faransawa ke kira harpe ba. Wanda ya fi kusa da mu a Nijar shi ne biram na Buduma a tafkin Cadi, mai tsirkiya 5 da jiki kamar kwalekwale. Amma duk da haka dole mu yi maganarsa, domin littattafan koyon ɗaukar sauti da ma'aikatan rediyonmu suka karanta, daga irin waɗannan kaya na Turai suke ɗauko misalansu, kuma ƙa'idojinsu ake kawowa a shimfiɗa bisa gurmi.

2. Gadon da muka tarar

Ba mu ne farkon masu kai manyeto gaban makaɗan Nijar ba. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya ƙasar da sunan OCORA, ya ɗauko kiɗe-kiɗen da aka buga a fayafayan garmaho, cikinsu har da wanda aka keɓe wa makaɗa da maroƙa. Tun 1962 kuma ƙungiyoyin sauraron rediyo na Nijar suka riƙa tura wakilansu ƙauyuka da ƙananan na'urori. A 1968 aka kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai, wadda ta zama CELHTO bayan ta koma hannun Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1974. A ƙasar Maradi, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin bori (1972), Veit Erlmann ya rubuta kan kiɗan bori da hawan iska (1982), sa'an nan shi da Habu Magaji suka bayyana bikin girka (1989). A tsallaken iyaka David Ames da Anthony King sun fitar da ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa a 1971, bisa aikin da suka yi a Zariya da Katsina. Mahaman Garba kuma ya yi digirinsa na dokta a Faransa kan kiɗan Hausawan Nijar a 1992.

Masu aikin farko sun tafi daji da manyan na'urori masu zare, irin su Nagra III da ta fito a 1958 da Uher 4000 ta 1961, suna ɗauka da gudun santimita 19 ko 9,5 a daƙiƙa. Aikinsu ya yi inganci ta fuskar amo. Inda za a yi musu ƙorafi shi ne faifan garmaho ba ya ɗaukar fiye da minti ashirin da ƴan kai a kowace fuska, saboda haka abin da ya iso ga jama'a gutsattsari ne na ƴan mintoci, alhali mai gurmi yana iya raba dare yana waƙa. Ɗalibanmu kuwa, da zamaninsu ya zo, kaset suka samu, mai gudun santimita 4,76 kacal, cikin ƴar rediyo mai cin pil huɗu ko shida. Sun sami tsawon lokaci, sun rasa inganci. Ba wannan ne muke zarginsu da shi ba. Mutum da abin hannunsa yake aiki.

3. Mikoro a baki: kuskuren masanin harshe

Abin da ake koya wa ɗalibin kimiyyar harshe kafin ya tafi bincike sananne ne: ka nemi wuri shiru, ka matso da mikoro kusa da bakin mai magana, ka nisanta shi daga duk abin da ba magana ba. Wannan shawara daidai take ga mai tattara jerin kalmomi ko tatsuniya. Ɗalibanmu sun bi ta sau da ƙafa a gaban mawaƙa, sakamakon kuwa lissafi ne mai sauƙi. Duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin amo yana raguwa da kimanin desibel 6. In mikoro yana santimita 5 daga baki, santimita 50 daga fatar gurmi, to an fifita murya bisa tsirkiya da desibel 20 tun ba a taɓa komai ba. A kaset, wadda dama tana da nata shuuu, abin da ya yi ƙasa haka ya tafi ke nan.

Wani zai ce, to, ina ruwan masanin harshe da tsirkiya, tun da kalmomi yake nema? Amsoshinmu uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Ta farko ta shafi tsawon wasali. Tun aikin Joseph Greenberg na 1949 aka san cewa karin waƙar Hausa a kan nauyin gaɓa yake tafiya, gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma Bruce Hayes da Russell Schuh sun sake nuna a 2019 yadda wannan awo ke sauka bisa bugun kiɗa a lokacin rerawa. To, a waƙar makaɗi guda, ina ma'aunin yake? Yana cikin yatsansa. Bugun tsirkiya shi ne mudun da ake auna gaɓa da shi. Wanda ya ɗauki murya ya bar tsirkiya kamar wanda ya kawo hatsi kasuwa ne ya manta mudu a gida: zai iya cewa wannan wasali ya fi wancan tsawo, amma ba zai iya cewa bugu nawa ya ci ba, balle ya gane inda mawaƙi ya ja gajeren wasali don kiɗa ya tilasta masa.

Ta biyu ta shafi karin sauti, kuma a nan ne asarar ta fi yawa. Mu ɗauki abin da ake rubutawa ya zo. A baki kalamai huɗu ne daban: yaa zoo, wato zuwan ya auku, ya zoo, kamar a cikin labari ko bayan wanda, yà zoo, wato fata ko umarni, da yâa zoo, wato ana sa ran zuwansa. Ga masu karin yamma, na biyun yaz zoo ne, da ɗaurin baƙi. A cikin magana kunne yana rarrabe su ba wahala. A cikin waƙa kuwa rauji yana jan murya sama da ƙasa don kansa. Paul Richards ya ƙirga wannan a wata waƙar Hausa a 1972, William Leben ya koma kan batun a 1983, kuma abin da ya fito shi ne akwai dacewa tsakanin karin sauti da rauji, amma ba cikakkiya ba ce. Saboda haka in murya ta sauka a kan ya, tambayar ita ce: harshe ne ya saukar da ita ko kiɗa? Hanyar da muka sani ta warware wannan ita ce a kwatanta murya da tsirkiya. Tsirkiya tana maimaita zubi ɗaya daga layi zuwa layi. Inda murya ta bi ta, ba mu koyi komai ba game da harshe. Inda murya ta bauɗe mata, ta sauka alhali tsirkiya na sama, to a nan harshe ne ya yi magana. A ɗaya daga cikin kundayen da muka duba, ɗalibi ya fassara wani ya zo na cikin waƙar roƙo da il est venu, muna kuma da ƙwaƙƙwaran zato cewa qu'il vienne ne, domin wanda ake kira bai iso wurin ba tukuna, kiransa ake yi. Mun saurari wurin ya fi sau ashirin. Muryar tana nan tangaram, gurmin kuwa sai ɗan motsi can ƙasa kamar ƙuda cikin tulu. Ba mu iya yanke hukunci ba, kuma ba wanda zai iya.

Ta uku ita ce take. Kowa ya san makaɗi yakan yi shiru ya bar abin kiɗansa ya faɗi sunan mutum ko kirarinsa, masu sauraro kuma su gane, har a ji mata sun yi guɗa. A wajen ƴan bori kowane iska da takensa a goge. Wannan magana ce, tana da kalmomin da ke ƙarƙashinta, kuma ana iya tambayar makaɗi ya faɗe su da baki. A kundayen ɗalibanmu irin wannan wuri ɗigo uku ne, ko kalmar musique tsakanin baka biyu. A kaset kuma rami ne: murya ta tsaya, sai guɗa ta tashi ba tare da an ji dalilinta ba. Matanin da aka buga ke nan da giɓi a daidai inda jama'ar wurin suka fi jin daɗinsa.

Akwai wani ƙarin lahani da ya zo daga na'urar kanta. Ƙananan rediyoyi masu kaset suna daidaita ƙarfin ɗauka da kansu. In mawaƙi ya yi shiru sai na'ura ta buɗe kunne, tsirkiya da kukan gyare su kumbura. Da ya ɗaga murya sai gaɓar farko ta fashe kafin na'ura ta farga ta rage. Abin takaici, gaɓar farko a jimlar Hausa sau da yawa ita ce lamirin da ke ɗauke da lokacin aiki, wato su ya da ta da mun da sun. Na'urar ba ta san nahawu ba, amma inda ya fi ciwo take duka.

4. Mikoro a kan ƙwarya: kuskuren mai situdiyo

Kashi na biyu na kwalin ƴan kaɗan ne, kuma sun fi daɗin ji. Su ne waɗanda ɗalibi ya sami wani ma'aikacin rediyo ya raka shi. A nan an juya lamarin: an sa mikoro daf da fata, gurmi ya fito da kauri kamar ganga, kalmomi suna leƙowa daga baya. Kaurin nan ma ba na gurmin ba ne. Mikoro mai fuska ɗaya yana ƙara wa ƙananan sautuka nauyi in an matso da shi ƙwarai, shi ya sa ƴar ƙwarya ke fitowa da muryar da ba ta da ita a fili.

Amma babban abin da muke ƙi a wannan hanya shi ne ra'ayinta game da tsabta. Harpe ta gidajen kiɗan Turai tana da tsirkiya 47 da matakan ƙafa 7. Mai ɗaukarta ana koya masa ya ja mikoro biyu baya kamar mita ɗaya ko biyu, don kayan su haɗu da amsawar ɗaki, ya kuma yi duk dabarar da zai yi kada a ji ƙarar matakai ko zizar tsirkiya in ta taɓa farce. A can ziza aibi ce. A nan kuwa makaɗi da kansa yake zuwa wurin maƙeri a yi masa ɗan faffaɗan ƙarfe mai ƙananan zobba, ya soka a kan sandar gurmi ko molo, don kowane bugu ya zo da kacau-kacau.

Mu ma mun faɗa wannan rami. Wata shekara da ɗari, a wani ƙauye kusa da Kanambakashe, mun je ɗaukar wani dattijo mai gurmi tare da wani ma'aikacin rediyo da ba za mu ambata ba. Da ya sa abin ji a kunne sai ya ce ƙarfen yana cika masa allura, a cire. Mu ne muka isar da saƙon, muka ce: "Baba, a yi haƙuri a zare ƙarfen nan, na'urar ce ba ta son shi." Ya dube mu, ya zare, ya ajiye bisa tabarma, ya ce: "To, Malam, ku ka biya. Amma miya ce za ku sha ba gishiri." Ya yi mana waƙa uku. Mun koma Maradi muna murna da tsabtar abin da muka samo. Sai bayan watanni, da muka mayar masa da kwafi, muka ga kuskurenmu. Jama'a sun taru a zaure, aka kunna, ba wanda ya yi magana. Daga baya wani ƙanensa ya ce muryar dai tasa ce, amma hannun kamar na mai koyo. Da muka sake saurare da wannan kunne sai muka ji abin da suke nufi: da babu ƙarfen, dattijon ya riƙa dukan tsirkiya da ƙarfi fiye da yadda ya saba don ya cike gurbin, ya kuma rage sauri. Ashe ba ƙara kawai muka cire ba, salon kiɗan muka canza, muka kuma rubuta sunansa a kai.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. Kora ta Mandinko, mai tsirkiya 21, a da ana maƙala mata irin wannan ƙarfe mai zobba bisa jaki, amma da wuya a ji shi a fayafayan da suka yi suna a duniya. Faifan Kaira na marigayi Tumani Jabate, wanda aka ɗauka a Landan a 1987, shi ya koya wa kunnuwa da yawa yadda kora ita kaɗai take, kuma amo ne garau. Ba mu ce faifan bai yi kyau ba; ya yi, ƙwarai. Muna cewa ne kyan wani abu yakan zama doka a kan wani. Abin dariya a nan, su kansu Turawa sun yi ƙarnuka suna sa wa tasu harpe ƴan turaku da ke taɓa tsirkiya don ta yi ziza, kafin su daina, begena ta Habasha kuwa da zizarta ake saninta.

Game da biram, Malam Maman Barka, wanda dama da gurmi ya yi suna, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya je ya koya wurin Bukar Tar, faifansa na biram ya fito a Ingila a 2009, shi kuma ya rasu a 2018. A faifan yana tare da Umaru Adamu mai kiɗan fata da ƙwarya. Aiki ne da aka shirya don sauraro, ya kuma kai biram inda ba ta taɓa zuwa ba. Sai dai mai son ya auna muryar mawaƙi da tsirkiyoyin biyar dole ya riƙa tsintarsu tsakanin bugun ganga. Wannan ya nuna faifan kasuwa, kome kyansa, ba ya ɗauke wa jami'a nata aikin.

5. Wuri, lokaci, da zancen "shi kaɗai"

Ɗalibai da yawa sun kai makaɗi cikin ajin lakkwal ko wani biro, don gudun hayaniya. Ɗakin siminti mai rufin kwano shi ne mafi munin zaɓi: bango huɗu masu santsi suna mayar da amo, baƙaƙe su cakuɗe, kwano kuma yana ƙara da kansa in rana ta taɓa shi. Zauren ƙasa mai rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba, haka ma rumfar kara ko ɗakin da aka shimfiɗe da tabarmin kaba, abin da ƙasar Gulbin Kaba ba ta rasa ba. A fili kuwa abokin gaba shi ne iskan hunturu, wanda sai an sa wa mikoro rigar gashi. Soso kaɗai ba ya tare shi. Injin niƙa da babura suna da lokacinsu, kuma duk mai zama ƙauye ya san shi. Fata ma tana da nata lokaci: da rani tana ɗaurewa amo ya yi kaifi, da damina ta saki har sai an gasa ta a rana ko a bakin wuta. Ba mu ga takardar kaset ko ɗaya da ta faɗi watan da aka yi ɗaukar tare da yanayin ranar ba.

Sai dai akwai wani shiru da ya wuce kima. A wasu kaset-kaset an kori kowa, an bar makaɗi da ɗalibi da na'ura. An sami abin da littafi ke kira kiɗan mutum guda, amma an rasa waƙar. Mai gurmi da mutanen da ke gabansa yake aiki: ya ga wane ya shigo ya sako sunan kakansa, a yi masa kari ya ƙara ɗiya, a yi shiru ya juya. In ba kowa, sai ya rera gindin waƙa da ƴan ɗiyan da ya haddace, cikin minti huɗu ya gama, ya dubi ɗalibi. A wata kaset har an ji makaɗin yana wasa ɗalibin kansa da garinsu, don ba shi da wani abin wasawa. Ɗalibin bai rubuta wannan wuri a kundinsa ba, ko da yake a ganinmu nan ne kaɗai aka yi waƙa ta gaskiya a ranar.

6. Salula

Yau kowane ɗalibi yana da na'urar ɗauka a aljihu, kuma ana zaton matsalar ta ƙare. Ba ta ƙare ba, ta sake riga ne. An ƙera salula don maganar mutum, kuma manhajoji da yawa suna ɗaukar duk amon da ya daɗe bai canza ba a matsayin hayaniyar da za a share. Jan izga bisa goge irin wannan amo ne. Mun ji ɗaukar da goge ke shiga yana fita kamar ana toshe shi da hannu. In kuma aka turo abin ta saƙon murya na WhatsApp, an matse shi, kuma manyan sautuka, inda kacau-kacau ɗin ƙarfe yake, su ne suke fara lalacewa. Wanda ba shi da abin ɗauka sai salula, ya nemi manhajar da ke ajiye WAV ba tare da gyara ba, ya kuma kawo fayil ɗin da waya ko da katin memwar.

7. Abin da muke ba da shawara

Ba ma ganin akwai wuri guda da za a kafa mikoro guda ya biya bukatar masanin harshe da ta masanin kiɗa gaba ɗaya. In dole ɗaya ne, a ja shi baya kamar santimita 60 zuwa mita ɗaya, a tsayin ƙirjin makaɗi yana zaune, yadda nisansa da baki da nisansa da fata za su yi kusan daidai, a kuma gwada da abin ji a kunne kafin a fara. Amma ƙananan na'urori masu layi huɗu sun yi araha yanzu, kuma da su ana iya raba aikin. Mikoro biyu a gaba, bisa tsarin nan na gidan rediyon Faransa da ake kira ORTF, wato santimita 17 tsakaninsu da buɗewar digiri 110, su ɗauki abin da mai zama a tabarma yake ji, har da jama'a. Na uku ƙarami a gefen baki, na huɗu yana kallon fata daga kamu guda, kowanne a layinsa, kada a gauraya su. Dalilin rabawar shi ne manhajar Praat da muke auna hawa da saukar murya da ita amo ɗaya take iya bi. In murya da tsirkiya suna layi guda sai ta riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. A kashe mai daidaita ƙarfi, a bar sarari kamar desibel 12 a sama domin bugun tsirkiya yana zuwa da kaifi farat ɗaya. Ƙungiyar ma'ajiyar sauti ta duniya, IASA, ta sa kilohaz 48 da bit 24 a matsayin mafi ƙanƙantar abin da za a ajiye. Kada a taɓa kayan makaɗi. In an gama, a zauna da shi a kunna masa, duk inda tsirkiya ta yi take a tsaya ya faɗi kalmomin, a ɗauki wannan zaman shi ma. A kuma yi maganar haƙƙinsa da inda abin zai je tun kafin a kunna na'ura, a bar masa kwafinsa.

Saura batun gudun kaset, wanda ya fi damun mu a aikin juyewa. In pil ya yi sanyi lokacin ɗauka, zare yana tafiya a hankali. In aka kunna shi yau da gudun da ya dace, sai murya ta hau, waƙa ta yi sauri. Kuskuren kashi 6 cikin 100 ya isa ya ɗaga sauti da rabin mataki. Masu aikin Nagra sukan kaɗa ɗan ƙarfen awo mai haz 440 a farkon zare don maganin wannan. Ɗalibanmu ba wanda ya gaya musu. Saboda haka a yawancin kwalin ba mu da hanyar sanin ko makaɗin ne mai siririyar murya ko pil ne ya mutu.

Kaset ɗaya ce ta kuɓuta. An ɗauke ta a wani gida a Tasawa, kuma a gabatarwar kundinsa ɗalibin ya ba da haƙuri saboda rediyon maƙwabci da ta shigo cikin ɗaukar. Rediyon tana kama BBC, kuma ana cikin waƙa sai ga ƙarar nan shida ta cikar awa, wadda aka san tana kan haz 1000, ɗaya a kowace daƙiƙa. Da muka auna su sai muka tarar sun hau da kusan rabin mataki. Muka rage gudun har suka koma wurinsu, muryar da muka ɗauka ta saurayi ce ta zama ta magidanci, molon kuma ya sami natsuwa. Sauran kaset-kaset ɗin kwalin ba su da maƙwabci mai rediyo.